Yadda ɗan kasuwa a Legas zai tallata hajarsa ta waya ba tare da ya zubar da sunansa ba

Talla a Legas ta koma cikin waya. Kamfanonin da a da suke rububin allunan titin Ikorodu yanzu suna biyan 'yan TikTok, suna kuma ɗaukar ma'aikata don amsa ƙorafi a intanet. Mai tumatir a Mile 12, mai raguna a kara, mai tsire a Obalende da tela a Agege ba su da irin wannan kuɗi, amma kayan aikin iri ɗaya ne, kuma galibinsu kyauta ne.

Da farko ka raba layin kasuwa da na gida. Sa WhatsApp Business a kan sabon layin, ka rubuta sunan shago, lambar rumfa da lokacin da kake buɗewa. Akwai wurin jera kaya da hoto da farashi, to ka sa farashin. Masu cewa "same ni ta bayan fage mu yi magana" suna korar ciniki ne, domin matar da ke ofis a Ikeja ba ta da lokacin tayi, za ta wuce wajen wanda ya faɗa. In kayan gwari ne da farashinsu ke sauyawa kullum, rubuta kwanan wata a jikin hoton. Sannan sunan asusun da za a tura kuɗi ya yi daidai da na shagon. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa ta OPay da Moniepoint, amma har yanzu gaban mai saye yana faɗuwa idan ya ga wani suna daban ya fito. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tana magance wannan, domin da ita za ka iya buɗe asusu da sunan shagon.

Mataki na biyu shi ne bidiyo, kuma nan ne kasuwar take a yanzu. Ba a buƙatar kyamara mai tsada. Ka tsaya da sassafe lokacin da ake sauke kaya daga mota, haske na dukan kayan, ka ɗauki rabin minti. Buɗe kwandon har ƙasa, ba saman da aka yi wa ado kaɗai ba. In rago ne, buɗe bakinsa a ga haƙori, a zagaya da shi a ga tafiyarsa. Faɗi farashi a daƙiƙun farko kafin yatsa ya ture ka. Muryarka ta isa, ba dole sai da kiɗa ba.

Sai ka tuna wa kake yi wa magana. Yawancin masu sayen kayanka ba Hausawa ba ne. Gaisuwa ɗaya da Yarbanci, sauran bayani da Turancin buroka da ka riga ka iya a bakin rumfa, ya fi gogaggen Turancin da ba naka ba. Bidiyon Hausa ka ware shi don 'yan'uwa na Idi-Araba da Agege da masu aiko maka kaya daga gida. Ka kuma bi kaka: mai raguna ya fara tun wata guda kafin Babbar Sallah, mai albasa da tattasai ya nemi masu girkin biki kafin Disamba ta shigo. Bidiyo ɗaya yana iya hawa TikTok da Instagram da Facebook da Status na WhatsApp duk a rana guda.

Na uku shi ne wanda na fi ba muhimmanci: tara lambobin masu saye. Shafinka na TikTok rumfar haya ce, ranar da mai ita ya ga dama zai rufe. An gani a Yunin 2021 da gwamnati ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, waɗanda duk cinikinsu ke can suka koma neman hanyoyin zagaye. Saboda haka duk wanda ya saya, ka nemi izininsa: "Hajiya, in riƙa turo miki farashi duk Litinin?" In ta yarda, roƙe ta ta ajiye lambarka, domin saƙon bai-ɗaya na WhatsApp, wanda ake tura wa jerin mutane a lokaci guda, ba ya isa ga wanda bai ajiye ta ba, kuma jeri guda ba ya wuce mutum 256. Raba su gida-gida: masu sari, masu gidan abinci, matan gida. Kada ka cusa kowa cikin guruf bai sani ba. Ban da rashin kyautawa, dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba kowa damar cewa a daina turo masa talla, kuma in ya ce, dole ka daina.

Na huɗu, masu mabiya. Ba sai ka kai ga jarumin fim ba. Matar da ke koyar da girki tana da mabiya 'yan dubbai a Surulere ta fi amfani ga mai attaruhu fiye da wanda miliyoyi ke kallo daga Kano, tunda ba daga Kano za a zo saye ba. Kafin ka biya, karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyonta: ana tambayar farashi da adireshi, ko kuwa tafi kawai ake yi? Ana sayen mabiyan bogi, ka sani. Ku yi yarjejeniya a rubuce ko da a WhatsApp ne, rabin kuɗi kafin aiki, rabi bayansa, ta kuma bayyana cewa talla ce. Hukumar kula da harkar talla ta ƙasa, wato ARCON, wadda ta maye gurbin tsohuwar hukumar APCON a 2022, tana buƙatar a tantance talla kafin a sake ta, kuma ta ce har da ta kafofin sada zumunta, don haka in harkar ta girma ka nemi wanda ya san ƙa'idar.

ChatGPT da ire-irensa, manhajojin da ke yi wa mutum rubutu da hoto, suna taimakawa wajen gyara ɗan rubutun Turanci. Iyakarsu ke nan a wajenka. Kada ka sa su ƙera maka hoton kayan da ba ka da su.

Na ƙarshe, shirya wa ranar ƙorafi tun kafin ta zo. Motar kaya za ta maƙale a cunkoso, tumatir ya iso a lotse, wata ta ɗauki hoto ta watsa. A 2023 wata mata a nan Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi. Kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta, sai maganar da 'yan kaɗan suka gani ta zama labarin duniya, har ana kiran a ƙaurace wa kayan. Kai dai amsa a bainar jama'a da layi biyu cikin ladabi, a ranar, sannan ka kira ta a waya. In laifinku ne, canza kayan ko mayar da kuɗi, ka dawo ƙarƙashin rubutun ka ce an warware. Kada ka goge, kada ka tura yaran shago su zage ta. Kuma tun wajen ciniki ku fayyace wa ke da asara idan kaya ya lalace a hannun mai kai saƙo, ka tura mata hoton kayan kafin babur ya tashi.