Yadda Za a Rage Zamewar Bayan Motar Kart a Kwana

Motar kart, wato ƙaramar motar tsere mai kujera ɗaya, ba ta da na'urar da ke bambanta gudun tayoyin baya, domin sandar ƙarfe ɗaya ce ta haɗa su, kuma a yawancin azuzuwan tsere birki a kan wannan sandar kaɗai yake. Saboda haka, direban da ya shiga kwana ƙafarsa na kan birki da ƙarfi, lalle bayan motarsa zai zame. A ganina gyaran tuƙi ya kamata ya gabaci taɓa sifana: a gama taka birki tun motar tana miƙe, a juya sitiyari a hankali, sannan a ƙara wuta kaɗan-kaɗan wajen fita.

Idan zamewar ta ci gaba a bakin kwana, alama ce gaban motar ya fi bayanta riƙe ƙasa. Sai a rage tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba, ko a ja kujera baya kaɗan, har nauyin ya kusanci kashi 43 a gaba da 57 a baya. A canza abu ɗaya kawai kafin kowane gwaji, kuma a auna iskar tayoyi tun suna da zafi.