Karan ɗori a Ingilishi, inda ƴan lakwal muke tuntuɓe

Jiya da la'asar ƙanena ya same ni a Zango da takardar neman aiki da ya rubuta da Ingilishi wai zai kai wani furoje, sai na ga ya watsa ɗan karan nan ko'ina kamar mai shukar gero, wannan da muke cewa tire du sis don a kwamfuta mai madannai irin na Faransanci kan lamba 6 yake, da Hausa kuwa karan ɗori. Ban ga laifinsa ba, Faransanci ne ya saba mana da su avez-vous da est-ce que, to Ingilishi ba ruwansa da wannan, do you kawai za ka rubuta ka wuce.

Ga inda aikin yake. In kalmomi biyu ko uku suka haɗu suna siffanta abu guda kuma suka riga sunan zuwa, sai ka ɗaure su: a well-known doctor. In sunan ne ya riga su, kwance abinka: the doctor is well known. Haka a ten-year-old girl, ka lura har s ɗin years ta faɗi, amma she is ten years old ba kara ko ɗaya. Kada ka ɗauka ado ne fa, small-business owner mai ƙaramar sana'a ke nan, ka cire karan kuwa wani zai iya zaton shi mai sana'ar ne ɗan tsurut. Sai dai in kalmar farko irin su highly ce ko badly masu wutsiyar ly, ƙyale ta, a highly paid worker haka kawai.

Lambobi ba wuya, daga 21 zuwa 99 ne: twenty-one, forty-five, amma two hundred ba a sa masa. Self da ex suna son shi, self-employed, ex-wife. Kuma ba a barin fili gaba ko bayansa. Wasu kalmomin ma sun yar da nasu tuni, e-mail ya koma email a wajen yawancin mutane, irin waɗannan buɗe ƙamus a wayarka ya fi gardama a fada.

Wanda ya fi ba ni dariya wallahi, duk yawan karan da yaron nan ya zuba, inda ya kamata ya sa bai sa ba. So yake ya ce ya sake sa hannu a kwantiragi a tsohon wurin aikinsa, wato re-signed, sai ya rubuta resigned, ma'ana ya ajiye aikin da kansa. Na ce masa kai ƙanena, ɗauko biro.