Ka kankare kwalin magani tun kana gaban mai kemis

Salamu alaikum 'yan uwa. In ka sayi maganin zazzaɓin cizon sauro, kada ka bar shagon sai ka gwada shi da wayarka.

Duba jikin kwalin, za ka ga wani ɗan wuri mai ruwan azurfa irin na katin waya. Kankare shi a hankali, lambobi za su fito. Tura su ta tes zuwa gajeriyar lambar da aka rubuta a wurin, misali 38353. Kyauta ne, kuma ko 'yar rakani-kashi ce da kai za ta yi, ba ruwanka da data. Amsa za ta zo ta gaya maka ko na gaskiya ne ko jabu.

Hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya, ita ce ta kawo tsarin tun 2010. Sirrin shi ne kowane kwali da lambarsa daban. Masu jabu sun iya kwaikwayon kwali tsaf, amma lambar da aka riga aka tura ba ta sake wucewa. Shi ya sa in an miƙo maka wanda aka riga aka kankare, mayar masa abinsa.

Ni na taɓa bari sai da na isa gida na gwada, amsa ta nuna jabu ne, na koma mai shago ya ce bai san zancen ba. Kuɗina suka tafi.

Amma fa ba kowane magani ke da wannan lambar kankarewa ba, an fi samunta a na maleriya da su antibayotik. In falle ɗaya aka ciro maka daga kwali, sau da yawa babu abin kankarewa. Wani lokacin kuma sabis kan riƙe amsar. Ranar lalacewar magani kuwa, da idonka za ka duba.