Darasi na 9: Kiwon Babban Jatan Lande a Tankin Gilashi

Jatan landen da za mu karanta yau ba busasshen nan ba ne da ake aunawa a kasuwa don miya. Wannan rayayye ne, na ruwan daɗi, yana da hannaye biyu kamar na ƙaguwa, kuma ana ajiye shi a gida don sha'awa.

Mafi girma a duniya yana kogunan tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostireliya. An taɓa samun mai nauyin kilo 6. Doka ta hana kama shi tun 1998, don haka ku cire rai da shi. Wanda ake kiwo a gida shi ne mai jan hannu, ɗan arewacin Ostireliya. Yakan kai rabin kilo, kuma yana son ruwa mai ɗumi. Namijin ne ke da jan tabo a hannu.

Guda ɗaya yana buƙatar tanki mai cin lita 100, wato jarka huɗu ta lita 25. A sa murfi mai nauyi, domin gwanin hawa ne. Da dare yakan bi tiyon famfon da ke hura wa ruwan tankin iska ya fice, sai da safe a tsince shi bayan kujera ya bushe. Ruwan famfo kuwa a bar shi ya kwana biyu a buɗaɗɗen bokiti, kulorin, wato maganin da ake sa wa ruwan famfo, ya fita. Abinci ba ya wahala: abincin kifi mai nutsewa, ɗan karas, ɗan ganye. A kwashe ragowar kafin ta ruɓe.

Ga inda masu kiwo suka fi yin asara. Ɓawon jikinsa ba ya girma, don haka sai ya yi saɓa, kamar maciji. Idan lokaci ya kusa, zai daina ci ya ɓuya. Wata rana ku ga kamar gawarsa kwance a ƙasan tanki. Kada ku yi saurin zubarwa! Tsohuwar rigarsa ce, kuma zai cinye ta don sabon ɓawo ya yi ƙwari. A kwanakin nan jikinsa laushi gare shi kamar dafaffen ƙwai. Kada a taɓa shi, kada a bar yara su zungure shi da tsinke. Idan su biyu ne a tanki, ɗan'uwansa ma zai iya cinye shi. Shi ya sa ake kifa masa fasasshiyar tukunyar ƙasa ko a sa guntun bututun roba ya shige. Ni dai shawarata, ɗan koyo ya tsaya kan guda ɗaya.

Maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe yana kashe shi, har da dodon koɗi da ƙaguwa. A karanta jikin kwalba tukuna. Kafin a fesa maganin sauro a ɗaki, a kashe famfon iska a rufe tankin da zane.

Wanda ya gaji da kiwo kada ya kai shi kogi ko dam. A Zambiya irin wannan ya bazu a kogin Kafuwe da tafkin Kariba, yana cin kifin da masunta suka kama tun yana cikin raga.

Aiki: Ana canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan tanki kowane mako. Tankinku lita 100 ne. Lita nawa za ku canza? Jarka nawa ke nan a wata ɗaya? Rubuta amsa a littafinku.