Yadda za a auna kaurin ruwa, mai da zuma a tsakar gida

Duk wanda ya taɓa tsiyaya zuma a Tawa da sanyin hunturu ya san ba ta zuba da sauri irin na watan Afrilu. Wannan jan jiki shi ake kira kauri a ilimin kimiyya, wato turjiyar da abu mai ruwa-ruwa ke yi wa kwarara, kuma ana iya gwada shi a gida.

A samo kwalabe uku masu tsawo ɗaya waɗanda ake ganin cikinsu, a cika su da ruwa, da man gyaɗa, da zuma. A ɗaura wa kowace zare biyu, ɗaya ƙasa da baki da kamar yatsa uku, ɗayan kusa da gindi. Sai a karɓo ƙananan ƙwallayen ƙarfe masu girma ɗaya a wurin mai gyaran keke, a riƙa sakin su a hankali, wani kuma yana riƙe da agogon salula yana ƙirga lokacin da ƙwallo ke ɗauka tsakanin zaren biyu. Na cikin ruwa kan faɗa kafin yatsa ya taɓa agogon, kada wannan ya dami kowa.

Akwai dalilin da ya sa zaren sama ba ya bakin kwalba. Ƙasa tana jan ƙwallon, kuma da a sarari yake faɗuwa, gudunsa zai riƙa ƙaruwa da mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. A cikin zuma kuwa, kauri yana riƙe shi, zumar kanta tana ɗaga shi sama, har turjiyar ta yi daidai da jan ƙasa. Daga nan, bisa ƙa'idar da Isaac Newton ya wallafa a 1687, ba ya tsayawa kuma ba ya ƙara gudu, sai ya ci gaba da nitsewa da sauri ɗaya, wanda shi ake son aunawa.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar kauri a matsayin nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta man gyaɗa ba ta kai ba, shi ya sa mai ke tasowa a kan miya, amma duk da haka ƙwallon ya fi jinkiri a cikinsa.

Daga ƙarshe a tsoma kwalbar zuma cikin ruwan ɗumi na minti 10, a sake sakin ƙwallon, a kwatanta da lokacin farko.