Yadda za ka gane ko korar da aka yi maka daga aiki ta bi ƙa'ida

Ranar da aka miƙo maka takardar kora, kada ka sa hannu a kan komai, balle takardar da ke cewa kai ka ajiye aiki da kanka ko ka karɓi duk haƙƙinka. Karɓi takardar, ɗauki hotonta a waya, ka koma gida ka lalubo takardar ɗaukarka aiki da ta albashi.

Sai ka duba ko an faɗi dalili. Nan ne maganar take. Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, wadda aka amince da ita a 1982, ta ce ba a korar ma'aikaci sai da dalili ingantacce: ko ya gaza a aikin, ko ya yi laifi, ko kamfanin na da buƙatar rage ma'aikata. Shiga ƙungiyar ƙwadago, juna biyu, hutun haihuwa, addini, ƙabila, jinyar ɗan lokaci, ko kai ƙarar mai gida, duk ba dalili ba ne. Kuma in laifi ake zarginka da shi, dole a ba ka dama ka kare kanka tukuna. Ka tuna da kyau: an ba ka takardar tuhuma? Ka amsa a rubuce?

Nijar ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar tun 1985, Najeriya kuwa ba ta yi ba. Wannan ne wasu masu kamfani ke fakewa da shi, suna cewa "ba ma buƙatar aikinka" ya wadatar. Amma gyaran tsarin mulkin Najeriya na 2010, sashe na 254C, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon amfani da ƙa'idojin aiki na duniya, kuma ta sha yanke hukuncin cewa kora ba dalili zalunci ne. Kotun Ɗaukaka Ƙara ba kullum take bin wannan fahimta ba, don haka ka tabbatar lauyanka ya ambaci yarjejeniyar a cikin takardun ƙara tun farko.

Daga nan lissafa notis, wato wa'adin da ake ba ma'aikaci kafin a sallame shi. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce wanda bai wuce wata 3 a aikin ba kwana ɗaya ne, ƙasa da shekara 2 mako ɗaya, ƙasa da shekara 5 mako biyu, shekara 5 zuwa sama wata guda, ko a biya shi kuɗin kwanakin. Gaskiya wannan ya yi kaɗan ga magidancin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masaƙa ko banki. In takardar ɗaukarka ta ba da fiye da haka, ita za a bi.

Kada ka zauna kana jinyar takaici har watanni su shuɗe. Je wurin ƙungiyarku ko ofishin ma'aikatar ƙwadago na jiharka, a Nijar kuma wurin sufeton ƙwadago. In sulhu ya ƙi, Kotun Ma'aikata na da reshe a Kano da Kaduna, can za ka shigar da ƙara.