Yadda ake gwada fim ɗin kangararren matashi a gaban 'yan kallo kafin a fitar da shi

Fim ɗin da ake magana a kai shi ne irin wanda 'yan mutane ƙalilan suke yi da kuɗin aljihunsu, babu rawa babu waƙa, labarin yaro ɗan shekara 16 ko 17 da ya daina zuwa makaranta, ya soma shan maganin tari da ƙwaya, ba ya jituwa da mahaifinsa. Kyamara na bin sa a hannu, wani lokacin a yi minti biyu babu wanda ya ce uffan, labarin yana tsalle tsakanin jiya da yau, ƙarshensa kuma ba a ɗaure shi ba. Wanda ya yi wata shida yana tace irin wannan fim idonsa ya riga ya mutu a kansa. Ya san abin da kowane shiru yake nufi saboda shi ya rubuta. Ɗan kallo bai sani ba, kuma hanya ɗaya ce ta gano abin da ya isa gare shi: a zaunar da shi ya kalla, a lura da shi.

Lokacin da ya dace shi ne bayan an gama jera fitowa-fitowa daga farko har ƙarshe, amma kafin a kashe kuɗin gyaran launi da haɗa sauti na ƙarshe. Idan aka yi da wuri, mutane za su ɓata lokacinsu kan ramukan da kai ma ka san da su. Idan aka makara, ko an faɗa maka gaskiya ba ka da kuɗin gyarawa. Abu ɗaya ne ba a yi masa uzuri ko a wannan mataki: maganar 'yan wasa ta fito tas. Mutane suna yafe hoto mai hazo, ba sa yafe muryar da ba su ji ba.

Su wa za a gayyato

Mutum 30 zuwa 40 sun isa. Ƙasa da 20, ra'ayin mutum ɗaya mai baki zai rinjayi sauran. Sama da 50, ba za ka iya karanta takardun tambayoyin da za su cike bayan kallo da natsuwa ba. Kasa su kamar haka: kusan rabi matasa 'yan shekara 16 zuwa 22, maza da mata, mutum goma iyaye da malaman makaranta, uku ko huɗu waɗanda aikinsu ya haɗa su da irin yaron, kamar ma'aikacin jinya a asibitin masu taɓin hankali ko mai ba ɗalibai shawara. 'Yan fim kada su wuce biyar. Su kan kalli fitila da kusurwar kyamara, su gaya maka yadda za su yi da nasu ne, kuma ba abin da ka zo nema ke nan ba.

Kada ka cika ɗakin da 'yan uwa da abokai. Kada wanda ya karanta labarin ko ya je wurin ɗauka ya shiga cikin masu ba da amsa. Yaron da ya fito a matsayin jarumin kuma ya zauna a gida, domin babu wanda zai soki wasansa yana kallon ƙeyarsa. Duk wanda bai kai 18 ba, a samo izinin iyayensa a rubuce, a gaya musu ƙarara cewa akwai shaye-shaye da faɗa a ciki. Taron na gayyata ne, ba a sayar da tikiti, ba a tallata shi. Nuna fim ga jama'a sai da takardar hukumar tace fina-finai, ta tarayya ko ta jiha kamar wadda Kano ta kafa a 2001, don haka idan wurin da za ka ara na jama'a ne, ka tuntuɓe su tukuna.

Ɗaki da kayan aiki

Nan ne mafi yawan gwaji yake lalacewa, kuma laifin sai a ɗora wa fim. Irin waɗannan finafinai suna da duhu da yawa: lungu da dare, ɗaki mai fitilar waya. Majigi mai rauni a ɗakin da rana ke leƙowa zai mayar da wannan duka baƙi ƙirin, 'yan kallo su rubuta cewa ba su gane abin da ya faru ba, kai kuma ka je ka yanke fitowar da ba ta da aibi. Nemi majigi mai haske kamar lumen 3,000 (lumen shi ne ma'aunin ƙarfin haskensa), ka toshe tagogi da baƙin yadi ko kwali. Idan ba ka samu ba, talabijin mai inci 65 ga mutum 20 ya fi, sai ka yi zama biyu.

Sauti ya fi hoto haɗari. Lasifika biyu a gaba, hagu da dama na allo, a ɗaga su daidai kan mutumin da ke zaune. Janareto a kai shi nesa, aƙalla taku 30, da bango a tsakani, domin fim ɗin da ya dogara ga shiru ba ya rayuwa da ƙugin inji. Fara da janareton tun farko ko da akwai wuta. Ɗaukewar wuta a minti na 50 ta kashe gwajin gaba ɗaya. Kwafi fim ɗin a cikin kwamfutar kanta, kada a kunna shi daga filashi ko intanet, a kashe duk wani saƙo da zai faɗo kan allo. Awa biyu kafin mutane su zo, zauna a kujerar baya ka saurari fitowar da aka fi yin magana ƙasa-ƙasa. Ɗaki cike da mutane yana shanye sauti, don haka ƙara kaɗan a kan abin da ya ishe ka kai kaɗai.

Lissafa lokacin salla. Fim mai minti 90 da takarda da tattaunawa zai ci awa biyu da rabi, wato tsakanin La'asar da Magariba ba lallai ya isa ba, kuma idan aka tashi salla a tsakiya, waɗanda suka dawo ba da zuciyar da suka fita da ita suka dawo ba. Safiyar Asabar daga ƙarfe 10 ta fi sauƙi. Wayoyi a ajiye su a ƙofa cikin ambulan mai lamba, saboda daƙiƙa 30 na yaro yana kurɓar kwalba, idan ta fita a TikTok babu abin da ya gabace ta, ta isa ta jawo wa fim ɗin fitinar da ba zai farfaɗo ba.

Abin da za a ce kafin a kunna

Jimla uku, kuma ba darakta ne zai faɗa ba: fim ɗin bai kammala ba, launi da kiɗa za su canza, akwai abubuwa masu tayar da hankali, wanda ya ga ba zai iya ba ya fita babu laifi, bayan an gama kowa ya zauna a wurinsa. Kada a yi bayanin salo. Da zarar ka ce "wannan fim ne na daban, sai an yi haƙuri da shi", ka riga ka gaya musu amsar da kake so.

Sa mutum biyu a gefen ɗaki, inda suke ganin fuskoki, kowanne da agogo da takarda. Su rubuta minti da abin da ya faru: 23, an fara gyara zama, 31, dariya daga matasa, 44, mata biyu sun fita, 58, tsit. Wannan takarda ta fi duk abin da za a faɗa daga baya gaskiya, saboda jiki ba ya yin kara.

Takardar tambayoyi

A raba ta fitila na kunnuwa, kafin kowa ya yi magana da maƙwabcinsa. Shafi ɗaya, babu suna, sai shekaru da jinsi. Tambaya ta farko ita ce mafi daraja: ba da labarin fim ɗin a layi uku. Daga nan za ka ga ko sun gane cewa fitowar asibiti ta faru kafin ta kasuwa, ko sun ɗauka ƙanwar yaron budurwarsa ce. Sai kuma: wace fitowa ce ta tsaya maka a rai, a ina ka gaji, a ina ka ruɗe, me kake ji game da yaron a farko, me kake ji a ƙarshe, me kake ganin ya faru da shi bayan an rufe. Ta ƙarshe, za ka ce wa abokinka ya kalla, da zaɓi huɗu: lallai, wataƙila, da wuya, a'a. Masu "lallai" kawai za ka ƙirga. Kada ka tambayi "fim ɗin ya yi kyau?" Amsar ita ce "Masha Allah, an yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira", kuma addu'a ce ka karɓa da godiya, amma ba za ta gyara maka minti ɗaya ba. Wanda rubutun boko ke ba shi wuya, a sa wani ya tambaye shi a gefe ya rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su.

Tattaunawa kuma a raba ta gida biyu, mutum takwas zuwa goma kowanne, minti 25. Matasa daban, manya daban. Yaro ba zai ce "haka muke magana da babanmu" a gaban dattijo ba, kuma da zarar Alhaji ya ce fim ɗin ya ɓata tarbiyya, duk ɗakin ya bi. Darakta ya zauna a baya ya yi shiru, ko ya fita a naɗa masa murya da izininsu. Idan ya fara kare kansa, magana ta mutu.

Yadda ake karanta abin da aka samu

Bar takardun su kwana biyu kafin ka taɓa fim ɗin. Sannan ka ware ƙorafi kashi biyu: inda mutum ya ji zafi, da maganin da ya rubuta maka. Na farkon kusan kullum gaskiya ne, na biyun kusan kullum kuskure. Idan mutum goma sha biyu suka ce a sa waƙa a tsakiya, abin da suke gaya maka shi ne wajen minti 40 fim ɗin ya tsaya cik. Duba takardar masu agogo, za ka ga gyaran zama a daidai wurin. Sau da yawa cutar tana baya da inda aka ji ta: fitowar minti 40 ta gundure su ne saboda a minti 15 ba a nuna musu abin da yaron yake so ba, sai suka rasa abin da za su jira.

Dariya a wurin kuka ba lallai faɗuwa ba ce. Matasa kan yi dariya idan abu ya taɓa su a gaban tsaransu. Bambancin yana cikin takarda: idan fitowar da aka yi wa dariya ita ce suka rubuta ta tsaya musu a rai, bar ta. Idan dariyar ta zo daga kowane ɓangare kuma babu wanda ya ambace ta, to wasan ne ya yi yawa, ko Hausar da aka sa a bakin yaron ba ta 'yan unguwa ba ce.

Za a ce "ina saƙon?" kuma za a ce "akwai na biyu ne?" Masu kallonmu sun saba a nuna musu mai laifi ya tuba ko ya ga sakayya. Wannan ƙorafi shi kaɗai ba dalilin canza ƙarshe ba ne. Koma tambayar me ya faru da yaron bayan an rufe. Idan amsoshi sun rabu, wasu sun ce ya koma gida wasu sun ce ya ɓace, kuma kowa ya kawo hujja daga fim ɗin, ƙarshen ya yi aikinsa. Idan rabin ɗakin sun bar gurbin babu komai ko sun ɗauka wuta ce ta ɗauke, ƙara daƙiƙa uku zuwa biyar a hoton ƙarshe, ko ka bar sauti ya ci gaba a kan baƙin allo kafin sunaye su hau.

Wuri ɗaya ne ba a jiran rinjaye. Idan ma'aikacin lafiya ko matashi ko da ɗaya ya ce wata fitowa tana koyar da yadda ake haɗa ƙwaya, ko tana nuna dalla-dalla yadda mutum zai cutar da kansa, a yanke sunan maganin da adadinsa da hanyar. Fuskar yaron bayan abin ya faru ta isa. Saboda haka ma ake son ma'aikacin lafiyar ya tsaya kusa da ƙofa bayan an tashi. A ɗaki mai matasa ashirin, da wuya a rasa wanda labarin gidansu aka nuna.

Bayan gyara, a sake gwaji bayan mako biyu ko uku da sababbin mutane gaba ɗaya, da takarda iri ɗaya don a iya gwada amsoshi. Canza manyan abubuwa biyu ko uku kawai tsakanin zama da zama, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ajiye kowane kwafi da kwanan watansa, domin wani lokacin zama na biyu yakan nuna cewa shirun da ka yanke shi ne yake riƙe da fitowar da ke bin sa, sai ka buƙaci mayar da shi.